Ciwon ƙirjin da ake ce wa olsa: amsa ga wata uwargida

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekararsa 54, yana da hawan jini da ciwon suga, amma ba kullum yake shan maganin ba. Kusan wata uku ke nan, in ya hau benen shagonsa ko ya yi sauri don ya riski jam'i sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, in ya tsaya ya huta sai ya sake shi. Mai kemis ya ce olsa ce, ya haɗa masa magani. Daren jiya kuma yana kwance ciwon ya taso masa, ya jiƙe sharkaf da gumi, ya kai kusan rabin awa kafin ya lafa. Da gari ya waye ya ce ƙwarnafi ne kawai, ya tafi kasuwa. Mu ci gaba da maganin olsar ne, ko sai mun je asibiti?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da ba ki bar maganar ta wuce haka nan ba. Zan fara da abin da ya fi gaggawa, bayani ya biyo baya. Ki dakata da karatun nan ki kira shi a waya, ya bar wa yara shago, a kai shi sashen agajin gaggawa na babban asibiti yau ɗin nan. Kada ya tuƙa mota da kansa, kada kuma a ce bari a jira a ga ko zai sake tasowa. Ban gan shi ba, ban saurari ƙirjinsa ba, don haka ba zan zauna daga nesa in yanke cewa ga cutar da ke damunsa ba. Amma duk likitan da aka kai wa wannan labari naki, zuciya zai fara zargi kafin ciki, kuma ba zai daina zarginta ba sai gwaji ya wanke ta.

Ga abin da ya sa. Zuciya tsoka ce, kuma ko da yake jini na ratsa ta dare da rana, ba daga wannan jinin take samun abincinta ba. Tana da nata jijiyoyin da suka kewaye ta ta waje, kaurin manyansu bai fi na bututun tawadar biro ba. Hawan jini da suga da shan taba da yawan maiƙo a jini, haɗe da shekaru, su ne ke sa wani daskararren kitse ya riƙa taruwa a bangon waɗannan jijiyoyi, hanya ta yi ta tsukewa a hankali. In mutum yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi zuciyar. Da zarar ya kama hawa bene ko ya ɗaga ƙafa don ya sami raka'a, zuciya ta ƙara gudu, bukatarta ta ninka, hanyar kuwa ba ta iya kawo ƙari. Wannan yunwar da tsokar zuciya ke shiga ita ce nauyin da yake ji. In ya tsaya, bukata ta ragu, cikin 'yan mintoci ya ji an sake shi. Ki lura da kyau, ciwon nasa motsi yake bi, ba abinci ba. Olsa ba ruwanta da matakalar bene. Ita lokacin cin abinci take bi, ko yunwa, ko yaji da tsami.

Abin da ya faru daren jiya shi ya fi tayar mini da hankali. Ciwon da wata uku sai an wahala yake zuwa, yanzu ya zo wa mutum yana kwance, ya daɗe, ya zo da gumi. Wannan sauyi ne, kuma a wajenmu sauyin ya fi ciwon kansa muhimmanci. Yawanci abin da ke faruwa shi ne, ɓawon kitsen nan da ke bangon jijiya ya tsage, jini ya daskare a wurin ya zama guda, ya tare hanya. Wani lokaci gudan ya toshe ta na ɗan lokaci ya narke, ciwo ya lafa, mutum ya tashi da safe ya ce ai ba komai. Amma tsagar tana nan, kuma kwanakin da ke biye su ne mafi hatsari, domin gudan na iya dawowa ya toshe hanyar gaba ɗaya. In ya toshe, cikin minti 20 zuwa 30 sashen tsokar da ke bayan toshiyar ya fara mutuwa, ɓarnar ta yi ta faɗaɗa awa bayan awa. Tsokar zuciyar da ta mutu ba ta tofowa, tabo take zama. Wannan shi ne abin da jama'a ke kira bugun zuciya, kuma mai yiwuwa ƙaraminsa ya riga ya same shi jiya.

To me ya sa ake yawan rikita shi da olsa? Ba wautar mutane ba ce, jiki ne da kansa ke rikitar da mai shi. Ƙasan zuciya yana zaune ne dab da saman tumbi, tantani ɗaya ya raba su, kuma saƙon ciwo daga zuciya da daga hanyar abinci kusan hanya ɗaya suke bi zuwa ƙwaƙwalwa. Saboda haka mai ciwon zuciya na iya nuna ƙahon zuci ya ce nan ke masa zafi, ya yi ta gyatsa, zuciyarsa ta tashi, har ya yi amai. Ga mai suga kuwa abin ya fi ɓoyuwa, domin suga in ya daɗe yana dakushe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Wani mai sugan ba zai ji ciwon kirki ba sam, sai haki da kasala da gumi mai sanyi. Haka tsofaffi, haka mata da yawa, nasu kan zo da gajiya da sarƙewar numfashi da ciwon baya ko muƙamuƙi. Kuma don ya sha farin ruwan maganin ciki ya ji sauƙi, wannan bai tabbatar da komai ba. Ciwon zuciya irin nasa dama yakan lafa da kansa, sai maganin da aka sha a daidai lokacin ya karɓi yabo.

Zan faɗi abin da ke raina game da kalmar olsa. A wurinmu ta zama buhu, duk ciwon da ya faɗo tsakanin wuya da cibiya a ciki ake jefa shi. Mai kemis yana da amfaninsa a unguwa, ban raina shi ba, amma ba shi da na'urar da zai leƙa zuciya da ita. Mutum ya haura arba'in, ga suga ga hawan jini, ya ce ƙirjinsa na nauyi in ya yi tafiya, abin da ya dace a ce masa shi ne ya tafi asibiti, ba a ƙulle masa ƙwayoyi a leda ba.

Akwai wani bawan Allah da ba na mantawa da shi. An kawo shi wani dare ina bakin aiki, direban babbar mota ne, bai kai hamsin ba. Tun kafin in ɗaga rigarsa ƙanshin man zafi ya cika ɗakin, da na ɗaga kuwa ga sawun ƙaho sababbi a jere a ƙirjinsa. Na ce ya nuna mini inda ke masa ciwo. Bai nuna da yatsa ba, sai ya dunƙule hannu ya ɗora a tsakiyar ƙirji ya ce, "Likita, kamar an ɗora mini buhun siminti." Wannan dunƙulallen hannu mu alama ce a wurinmu. Na tambayi ƙaninsa yaushe abin ya fara, ya ce kwana uku ke nan. Ranar farko sun ce sanyi ne ya shige shi, rana ta biyu aka kira wanzami, ta uku da numfashi ya gagara aka ɗauko shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma lokacin da za a iya buɗe jijiyar ya riga ya wuce. Ya bar tuƙi, ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai uku, ƙafafunsa kullum a kumbure. Da daren farko aka kawo shi, ina kyautata zaton da yanzu yana kan hanyar Legas da motarsa. 'Yan'uwansa suna ƙaunarsa, duk abin da suka sani sun yi masa, ba a taɓa gaya musu cewa awannin farko su ne komai ba.

Yanzu bari in gaya miki abin da za ku tarar, domin tsoron abin da ba a sani ba yana hana mutane da yawa zuwa. Kada ku tsaya a layin masu ganin likita na yau da kullum, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye. Duk ma'aikacin da kika fara gani ki ce masa, "Ciwon ƙirji ne da gumi, yana da suga da hawan jini, ina roƙo a yi masa ECG." ECG awo ne na wutar da zuciya ke aiki da ita. Za a kwantar da shi, a liƙa masa 'yan wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana layuka a takarda. Ba zafi, ba allura, ba wutar da ke shiga jikinsa, sauraro kawai na'urar ke yi. Ƙa'idar aikinmu ita ce a yi shi cikin minti 10 da isowar mai ciwon ƙirji. In wurin da kuka je ba su da na'urar, kada ku kwana a nan ana ƙarin ruwa, ku nemi takardar tura ku gaba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, duk suna da likitocin zuciya.

Ga wani wuri da ake yawan faɗawa rami, ina so ki riƙe shi da kyau. ECG ɗaya mai kyau ba ya wanke zuciya. In ciwon ya lafa lokacin da aka yi awon, takardar na iya fitowa tas alhali matsalar na nan. Shi ya sa ake maimaita shi, shi ya sa kuma ake haɗa shi da gwajin jini da ake kira turofonin. Wani sinadari ne da ke cikin tsokar zuciya, ba ya malalowa cikin jini da yawa sai tsokar ta ji rauni. Yakan ɗauki 'yan awanni kafin ya hau, don haka akan ɗebi jini a sake ɗiba bayan wasu awanni. Kuma in ya hau yakan yi kwanaki bai sauka ba, ke nan abin da ya faru da maigida daren jiya zai iya bayyana a jininsa yau. Bayan waɗannan za a auna hawan jini da suga da ƙoda da maiƙon jini, a ɗauki hoton ƙirji, wataƙila kuma a yi hoton zuciya na eko, irin na'urar da ake duba juna biyu da ita, a ga yadda bangon zuciyar ke motsi. In likita ya ce zai riƙe shi ya kwana, kada ku ce ai ya ji sauƙi. Kwanan asibitin shi ne maganin farko.

Ki tattara duk magungunan da yake sha ki zuba a leda ki tafi da su, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da jiƙe-jiƙe. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen suna ɗaga hawan jini, suna cin tumbi, suna kuma cutar da mai ciwon zuciya, ga shi 'yan kasuwa da direbobi na shan su kamar gyaɗa. Akwai kuma wata magana mai nauyi, amma kunya ba ta da gurbi a nan. In yana amfani da maganin ƙarfin maza, na bature ko irin na kwalba da na shayi da ake tallarsu, lallai ya gaya wa likita, ko da a keɓe ne ba a gabanki ba. Akwai ƙwayar da muke sa wa mai ciwon zuciya a ƙarƙashin harshe don ta buɗe jijiyoyi, in ta haɗu da wancan maganin a jiki jini na iya faɗuwa warwas har a rasa rai. Wasu daga cikin haɗe-haɗen da ake cewa na itatuwa ne zalla ana zuba musu wannan ƙwayar ta bature a ɓoye.

Magani kuma ya danganta da abin da aka gani. In jijiya ta toshe gaba ɗaya, akwai allurar da ke narkar da gudan jini. Amfaninta ya fi yawa a awa biyu zuwa uku na farko, yana raguwa har zuwa awa 12, bayan nan kusan an makara. Akwai kuma aikin da ake zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa zuciya, a ga inda ya tsuke, a buɗe, a sa ɗan zoben waya ya tokare wurin. Ba zan ɓoye miki ba, wannan aiki yana da tsada, kuma wuraren da ake yin sa a ƙasar nan ba su da yawa. Amma kada wannan ya karya miki gwiwa, ba kowa ke bukatarsa ba. Mutane da yawa ƙwayoyi ne ke riƙe su shekara da shekaru, wato asfirin da ɗan'uwansa masu hana jini daskarewa, da mai rage maiƙo, da mai rage wa zuciya gudu, da na hawan jini da suga, muddin ana shan su kullum ba sai an ji ciwo ba. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a ce an warke. Ana so awonsa ya zauna ƙasa da 140 bisa 90, ga mai suga ma an fi son ƙasa da haka.

Ba kowane ciwon ƙirji ne na zuciya ba, kuma mafi yawan matasan da ke zuwa mana da shi ba zuciya ba ce. Wanda ke ƙaruwa in an danna wurin da yatsa ko an juya jiki, galibi na tsoka ne ko guringuntsin haƙarƙari, bayan ɗaukar kaya ko aikin gona. Ƙwarnafi na gaskiya yana tasowa bayan an ci abinci mai maiƙo an kwanta, da ɗaci ko tsami a maƙogwaro. Damuwa da firgici ma suna matse ƙirji da faɗuwar gaba, kuma ciwo ne na gaske mai magani, sai dai likita ne zai faɗi haka bayan ya duba, ba maƙwabci ba. Akwai kuma waɗanda ba na toshewar jijiyar zuciya ba ne amma su ma ba a kwana da su. Ciwo mai suka in an ja numfashi, da zazzaɓi da tari, na iya zama namoniya. Tarin da ya wuce mako biyu da rama da gumin dare, a je a gwada majina saboda tarin fuka, maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ake sha. Mai jego ko wanda aka yi wa tiyata ko wanda ya yi doguwar tafiya a zaune, in ƙafa ɗaya ta kumbura sannan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ana tsoron gudan jini ya tafi huhu. Mai jegon da ke haki, ba ta iya kwanciya, ƙafafu sun kumbura, a duba zuciyarta, domin raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa. Mai sikila kuwa da ciwon ƙirji da zazzaɓi, asibiti nan take.

In ciwon ya sake tasowa kafin ku isa, ko wata rana a gida, ki zaunar da shi ya jingina, kada ya yi ta zirga-zirga, ki sassauta masa riga, a nemo mota. Ki ba shi asfirin mai nauyin miligiram 300 ya tauna, ba haɗiya ba. Amma kada ki ba shi in asfirin na yi masa borin jini, ko ya taɓa aman jini, ko bayan gidansa na fita baƙi kamar kwalta, ko kuma ciwon ya zo farat ɗaya kamar ana yaga shi har gadon baya, domin wannan na iya zama tsagewar babbar jijiya, asfirin zai ƙara ɓarna. In kuwa ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, kada a tsaya yayyafa ruwa ko ɗura masa madara ko manja, kada a sa komai a bakinsa. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna in an gaji, ba a dainawa har a miƙa shi ga ma'aikatan lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yau ki san maƙwabcin da zai tashi da motarsa ƙarfe biyun dare, ki ajiye lambarsa, ki ajiye asfirin inda hannu zai kai.

Na san abin da ya rage shi ne mafi wuya, wato shawo kan maigida. Mutumin da ya tashi da safe ya tafi kasuwa bayan irin wannan dare ba rashin jin ciwo ba ne ya fitar da shi. Sau da yawa tsoro ne, tsoron a ce zuciya ce, tsoron kuɗin da za a kashe, tsoron wa zai riƙe gida in an kwantar da shi. Kada ki shiga musu da shi kan olsa ce ko ba olsa ba ce. Ki ce masa, "Alhaji, don Allah don darajar yaran nan mu je a yi awon nan, in an ce ciki ne mu dawo mu yi godiya ga Allah." In ya ce komai na Allah ne, gaskiya ya faɗa, kuma shi ma ya san neman magani ba ya karya tawakkali. In duk da haka ya ƙi, kada ki riƙe maganar ke kaɗai don gudun ɓacin ransa. Ki kira yayansa ko amininsa ko limamin da yake jin nauyinsa, ki gaya musu abin da kika gani da idonki jiya, gumin da tsawon lokacin, su je shagon da mota su ɗauko shi.

In an sallame ku, ki sake rubuto mini abin da ECG da turofonin suka nuna da sunayen magungunan da aka ba shi, sai mu yi maganar abinci da gishiri da azumi da lokacin da ya dace ya koma hawa benen nan. Allah ya ba shi lafiya, ya sa a dace.